Yadda Na Koya wa Ɗalibaina Shan Sukari

Akwai zargin da mu malaman sakandare muke yi wa yaran yanzu, har ya zama abin buɗe hira a ofishin malamai: ba sa karatu. Ba sa karanta littafi, ba sa karanta umarnin da ke saman takardar jarrabawa, balle a kai ga ɗan rubutun da ke bayan gorar lemo. Ni ma ina cikin masu wannan magana, kuma ba a sahun baya ba. Ilimin halittu nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano. A shekarar da aka ɗora mini ƙungiyar kiwon lafiya ta ɗalibai, saboda malamar da ke riƙe da ita ta tafi hutun haihuwa, sai na ce dama ta samu, zan nuna wa yaran nan abin da suke ɗura wa cikinsu lokacin tara.

Niyyar ba ta da aibu. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin shagon makaranta idan an kaɗa ƙararrawar tara ya san abin da ake ciki: biskit, cincin, alewa, sai lemo a gora mai rabin lita, wanda yaro ɗan shekara 14 zai kafa kai bai sauke ba sai ya ga gindinta. Alƙaluman ma na san su. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da mutum yake sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da yake samu daga abinci a yini. Ga mai cin kalori 2,000, wannan ya kama kamar giram 50, wato cokalin shayi 12 ko kusa da haka, tunda cokali guda yana ɗaukar giram 4. Ta ƙara da cewa in za a iya raba wannan biyu, a tsaya a cokali 6, ya fi. Sukarin da take nufi shi ne wanda aka zuba, da na zuma, da na ruwan 'ya'yan itacen da aka matse. Ba ta sa na ɗanyen mangwaro ko na nonon shanu a lissafin ba. A riƙe mini wannan magana ta ruwan 'ya'yan itace, domin na san ta tun kafin in tafka abin da na tafka.

Dabarata ita ce in yi babban kwali in jera duk abin shan da ake sayarwa a shagon, kowanne da yawan sukarinsa. Na je wurin Iya mai shago na roƙi goruna da gwangwanayen da aka shanye, na cika leda na kai gida. Da daddare, an ɗauke wuta, na zauna da fitilar waya ina juya su ɗaya bayan ɗaya, ina neman layin da aka rubuta sukari, ina kwafar lambar da ke gabansa. Tabarauna yana cikin aljihun tebur a makaranta. Na daɗe ina so in ɗora wa rashin wuta da rashin tabarau laifin, amma ba su da hannu a ciki, tunda lambobin na gan su sarai.

Gorar baƙin lemo mai gas tana da sahun lambobi biyu, sai na ɗauki na dama, wanda lambarsa ta fi girma: 53. Na yi tsaki, na rubuta. Na bi ta kan sauran har na zo kan wata gora mai kyan gani, da hoton lemon zaƙi an yanka shi biyu, da ɗanyen ganye a gefe, da babban rubutu cewa akwai bitamin C a ciki. Sahun lambobinta ɗaya ne tak. A gaban sukari an sa 12. Har murmushi na yi. Na samo wa yarana mafita.

Ban tsaya a rubutu ba, don ni malami ne mai son a gani da ido. Na auna sukari cokali 13 na ƙulla a farar leda, na manna a ƙarƙashin baƙin lemo. Na auna cokali 3 na ƙulla na manna a ƙarƙashin mai hoton lemon zaƙi. Ƙullin farko ya yi ɓul-ɓul, na biyu ɗan mitsitsi. Ranar Litinin na hau dandamalin asambuli da kwalina, na ɗaga shi sama, na yi jawabin da har yanzu in na tuna sai in ji kunya ta kama ni. Na ce musu komai a rubuce yake, kamfani bai ɓoye musu ba, lalacinsu ne ya hana su dubawa. Na ce wanda bai iya karanta bayan gora ba, ban ga yadda zai karanta tambayar jarrabawar fita ba. Aka tafa. Shugaban makaranta ya riƙe hannuna ya ce irin wannan ake so. Aka ɗauki hoton kwalin aka tura zauren iyaye na WhatsApp.

Kuma abin ya ci. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba ni haushi, domin da ba su saurare ni ba da ɓarnar ta tsaya a kan kwali. Kafin wata ya zagayo Iya ta rage sarin baƙin lemo ta ƙara na mai hoton lemon zaƙi, duk da ya fi tsada. Yara suka riƙa haƙura da cincin don kuɗin tara ya kai. Na ga 'yammata suna yi wa ƙawarsu tsiya don ta sayi mai cokali sha uku. Ni kaina na mayar da shi abin shana a ofishin malamai, in rana ta yi zafi har in ƙara ta biyu, ina kurɓa ina yi wa abokan aiki bayanin illar sukari ga haƙori da hanta.

Ana dab da jarrabawar ƙarshen zango muka yi taron ƙungiya bayan an tashi. Na ba su aiki kowa ya zo da mazubin wani abu daga gida mu karanta tare. Ina cikin zagayawa, wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu, irin ɗagawar da bai wuce kafaɗa ba. Mahaifiyarta tana yin zoɓo da kunun aya na sayarwa, ita take ɗura su a gora kafin ta taho makaranta. Gorar nan tawa mai hoton lemon zaƙi ce a hannunta.

"Malam, ina da tambaya, amma a yi haƙuri."

"Ina jin ki."

"Wannan sha biyun, na gorar ne duka?"

"To na mene ne in ba na gorar ba?" Na faɗa da 'yar dariya, wasu suka taya ni.

"Na ga an rubuta wani abu ƙanana a sama."

Ta miƙo da hannu biyu. Wannan karon tabarau yana fuskata, rana kuma tana shigowa ta taga. A saman sahun lambobin, daidai inda idona ya tsallake a daren nan, an rubuta cewa wannan lissafi na kowace mililita 100 ne. Gorar kuwa mililita 500 ce.

Ƙwaƙwalwata ta gama lissafin tun kafin in ba ta izini. Sha biyu sau biyar. Amma hannuna bai yarda ba, sai juya gorar yake yi, yana neman sahu na biyu, ko wani ɗan tauraro da zai kai ni ga ƙarin bayani a ƙasa, ko wata shaida cewa sabon rubutu ne suka canza bayan na yi kwalina. Na juya ta ta dawo inda ta fara. Na karanta adireshin kamfanin. Na karanta ranar ƙarewar wa'adi. Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. A cikin wannan ɗan lokaci hanyoyin gudu suka riƙa zuwa mini, kowacce da kyan fuskarta. Zan iya cewa tambaya ce mai kyau, za mu duba ta mako mai zuwa, alhali na san mako mai zuwa jarrabawa ce. Zan iya cewa dama gwada su nake yi in ga wa zai gano, kuma na san malamai da yawa sun tsira da wannan ƙarya. Zan iya shiga dogon bayani a kan bambancin sukarin 'ya'yan itace da na rake har su rikice su ƙyale ni, duk da na san Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa su a kwando ɗaya da zarar an matse. Na ɗaga kai, ga kwalina a bango, ga ɗan ƙullin cokali uku, har tururuwa ta huda ledar.

"Nawa kika samu?"

"Sittin, Malam."

"Cokali nawa ke nan?"

"Sha biyar."

Ya fi baƙin lemon da na tsine wa da cokali biyu. Gora ɗaya ta zarce abin da ake so mutum ya sha a yini guda, ni kuma ina shan biyu. Lemon mai gas yana da giram 10.6 a mililita 100, shi ne ya ba da 53 a rabin lita. Da na kwafi sahun hagu a nan ma, da na kwatanta 10.6 da 12, da magana ta ƙare tun a daren. Na ɗauki na gora sukutum a ɗaya, na ɗauki na kashi ɗaya cikin biyar a ɗaya, na jera su kafaɗa da kafaɗa a gaban makaranta.

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Sai bakina ya ja ni na tambaye ta tun yaushe ta gane.

"Tun satin farko."

Ta ce harshenta ne bai yarda ba. In Ummanta ta sa cokali uku a gora mai rabin lita, ba mai saya, sai a ce salam yake. Wannan kuwa zaƙinsa har maƙoshi yake kamawa. Shi ya sa ta juya gorar ta duba. Na ce to me ya hana ta faɗa mini? Ta sunkuyar da kai.

"Na ce ko ni ce ban gane ba. Kuma Malam ya riga ya faɗa a asambuli."

Na tambayi ajin ko akwai wanda shi ma ya lura. Hannuwa suka fara tashi a hankali, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Na yi ta juya wannan a raina kwana da kwanaki, kuma kuskuren lissafi shi ne ƙaramin abin da na samu a ciki. Ban karanta ba. Ni da na hau dandamali na kira su malalata, lamba kawai na farauta na bar layin da ke faɗin ta mece ce. Kuma ban karanta ba ne don na riga na yanke hukunci tun daga gaban gorar. Hoton lemon zaƙi da ganye da bitamin C sun gama da ni, da na juya baya shaida kawai nake nema, 12 ta ba ni, na rufe ido. Ko jerin kayan haɗin ban duba ba, alhali ƙa'idar da duniya take bi ita ce a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Ruwa ne na farko, sukari na biyu, ruwan lemon yana can baya. Sannan ina da harshe kamar yadda yarinyar take da shi. Zango guda ina sha ina jin zaƙin, amma tunda ni na rubuta 3 a kwali da hannuna, sai na gaskata kwalin. Na kuma gina ajin da yaro zai ga malami ya kauce ya yi shiru, ya ɗauka shi ne bai gane ba. Muna kiran wannan ladabi, muna alfahari da shi a gaban iyaye, ga shi ya ja mana makonni ana shan sukari da sunan kiwon lafiya.

Da aka watse wani yaro ɗan aji huɗu ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Malam, ni fa shi nake saya wa Hajiya."

Kakarsa ce, tana da ciwon suga, likita ya hana ta lemo, ita kuma tana so. Shi ya kai labari gida cewa an samu wanda ba shi da sukari sosai, ga ma hoton kwalin a wayar babansa. Bayan la'asar na bi shi gidan. Na gaisa da mahaifinsa a zaure, na faɗi abin da ya kawo ni ba tare da kwana-kwana ba, na roƙi a daina ba ta, kuma a gaya wa ma'aikatan asibiti in ta je awo. Aka yi mini iso wurin tsohuwar. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ai Malam na ji zaƙinsa. Na ce tunda malamin boko ne ya faɗa, wataƙila irin zaƙin nan ne na zamani marar illa." Ta sa mini albarka, ta ce a ba ni ruwa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Shugaban makaranta ya ba da shawarar a cire kwalin a hankali lokacin hutu, kowa ya manta. Na kusa yarda, har na ce to. Amma a asambuli na yi ɓarnar, don haka ranar rufe makaranta na sake hawa da kwalin da gwangwanin sukari da cokali. Na kwance ɗan ƙullin, na riƙa ƙarawa suna ƙirgawa da ƙarfi har muka kai sha biyar. Dariyar da aka yi ta fi tafin farko ƙara nesa ba kusa ba. Tun daga ranar sunana a bayan ido Malam Sha-Biyu, kuma har 'yan aji ɗaya da ba su san asalin labarin ba haka suke kirana.

A zango na gaba na yi abin da ya kamata in fara da shi, na tambaye su me suke dubawa a jikin kaya. Ashe suna dubawa, abin da ya dame su ne kawai ya bambanta da nawa. Kusan kowa yana duba ranar ƙarewar wa'adi, don an taɓa aikensa ya sayo abin da ya lalace an kore shi ya mayar. Suna duba lambar NAFDAC, al'adar da suka gada daga iyayensu tun zamanin da Dora Akunyili ta riƙe hukumar daga 2001 zuwa 2008 tana yaƙi da jabun magunguna. Sai dai da yawansu sun ɗauka lambar tana nufin abin yana ƙara lafiya, alhali shaida ce cewa an yi masa rajista. Buhun sukari ma yana da ita, har da alamar ido da ke nuna an ƙara masa bitamin A, kamar yadda doka ta tilasta a kan sukari da man girki da fulawa tun farkon shekarun 2000. Suna duba alewa da cakulan na waje ko akwai alade ko giya a ciki, kuma a nan ba sa wasa, har kalmomin da ni ban sani ba sun haddace. Wasu 'yammatan suna duba kalori, masu son ramewa da masu son ciko, amma sukan ruɗe da lamba biyu da ke layin kuzari, ta kilojul da ta kalori, ba su san ta farkon ta ninka ta biyun sau huɗu da ɗoriya ba. Samarin da ke buga ƙwallo furotin suke nema, sai lemon ƙara kuzari, wanda gargaɗin da ke jikinsa cewa bai dace da yara ba shi ne ma yake ƙara musu sha'awarsa.

Lissafin kuwa ba ya gagarar su. Yaron da zai gaya maka nan take wane tsarin data ne ya fi araha, na yini ko na wata, ya raba naira da megabait a ka ba tare da biro ba, ba ninka 12 sau 5 ne zai kayar da shi ba. Ba wanda ya taɓa nuna masa cewa tambayar iri ɗaya ce: wannan lamba, ta nawa ce, ni kuma nawa zan sha?

Ba don in wanke kaina ba, amma rubutun ma ba a tsara shi don mai sauri ba. Wani kamfani ya yi lissafi a kan mililita 100, wani a kan gora, wani a kan abin da ya ga dama ya kira cin mutum ɗaya, kamar biskit uku a ledar da ba wanda yake buɗewa ya ɗaure sauran. A jikin taliyar yara sodiyom ake rubutawa, sai ka ninka sau biyu da rabi kafin ka san gishirin, ka gwada shi da giram 5 da aka ce kada a kai a yini. Wasu ƙasashe sun gaji da wannan. Amurka, wadda ta tilasta jadawalin tun dokar 1990, ta gyara shi a 2016 don gorar da aka san a zama ɗaya ake shanye ta a lissafa ta dunƙule, aka kuma ware layi na sukarin da aka ƙara. Cile a shekarar ta bi ta gajeriyar hanya: baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban kaya, yana cewa sukari ya yi yawa ko gishiri ya yi yawa, kuma duk abin da ke ɗauke da shi ba a sayar da shi a makaranta. Da akwai irin wannan a kan gorata, ko da fitilar waya ba zan tsallake shi ba. Mu abin da muka samu shi ne harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, wato naira 5 a gorar rabin lita, kuɗin da ko alewa ba ya saye.

Saura zoɓo. A jawabina na farko na yabe shi, na ce namu ne na gida, ba sinadarin bature, duk da ba rubutun komai a jikin gorarsa balle in ce na karanta. Yarinyar nan ce ta kawo shawarar mu auna. Ta tambayo Ummanta, ta dawo da amsa: sukari kilo 2 a bokiti mai lita 20. Wani yaro ya fita allo ya raba, ya samu giram 10 a mililita 100, giram 50 a gora. Tazararsa da baƙin lemo ba ta kai cokali ɗaya ba. Na ce ta roƙi Umma ko za ta rage ko da rabin kilo ne, mu ga yadda za a karɓa. Washegari ta same ni a bakin ofis.

"Malam, Umma tana gaishe ka. Ta ce ta taɓa ragewa, rabin gorunan suka dawo mata. Ta ce in Malam zai sayi waɗanda suka dawo, gobe ma sai ta rage."